Madam Judith Za Ta Ajiye Aikin Buga Takardu

Ƙarfe bakwai da kwata Madam Judith take buɗe ofishinta a makarantarmu ta nan Kabo. Ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta gaisa da maigadi har ta tambayi awakinsa, sannan ta duba ko akwai netwok. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana buga mana takardu, tun zamanin tafireta, tun tana budurwa sabuwar zuwa daga kudancin Kaduna. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Da shugaban makaranta, Malam Uwaisu, ya kawo tsarin rubuta takardu a intanet, an zaci za ta ƙi. Sai ga shi ita ta fara koya. Ta ga amfaninsa: malamin da ke zaune a Garo ya rubuta tambayoyinsa a waya, na Masanawa ya ƙara nasa, ita kuma ta gyara daga kujerarta, ba sai wani ya hau babur ya kawo ba. Amma ta gaya wa Malam Uwaisu cewa abin da ke intanet ba a hannunka yake ba, ran da netwok ya ɗauke sai dai ka zauna zaman jira. Shi ya sa kullum kafin ta tashi sai ta sauke kwafi.

Bara, ana saura kwana biyu jarrabawa, tana gyaran tambayoyin lissafi sai ta ga alamar wani baƙo a saman shafin yana karantawa tare da ita. Ashe wani malami ne ya yi kuskuren tura adireshin tambayoyin duka cikin guruf ɗin iyayen yara. Hankalin Malam Uwaisu ya tashi, ya fara zancen ɗage jarrabawar.

"Ranka ya daɗe, yaran nan sun yi karatu, kada a ɗage," in ji ta. "A tara mini malamai da takarda da biro."

Ta kashe intanet. Malamai na rubuta sababbin tambayoyi da hannu, tana bugawa, darasi tara, har bayan la'asar. Malama Zinnira da ke wurin ta ce ko ruwa Madam ba ta kurɓa ba. Aka yi jarrabawa a ranarta. Malamin da ya yi kuskuren kuwa ta roƙa kada a tozarta shi, ta zaunar da shi ta nuna masa yadda ake kulle takarda.

Madam, uwar ofis, ke ce ba ki taɓa barin "ƙasa" ta fita a "kasa" ba, ko da kwamfuta ta ja mata jan layi. Ke ce kika buga shaidar dubban yaranmu, ba sunanki a ko ɗaya.

Mun gode. Allah ya ba ki hutu cikin lafiya. Masu gadon kujerar nan, ku rungumi sabon abu kamar yadda ta runguma, amma ku riƙa lura da wanda ke leƙen shafinku.