Malama Mai Tarho da Wayar da Ba Ta da Igiya

Ƙarfe uku da rabi, bayan yaran firamare sun watse, Malama Mai Tarho takan shiga aji na ƙarshe, wanda ke kusa da famfo. Ta buɗe tagogi, ta goge allo, ta ja bencuna baya don gwiwoyin manya su sami wuri. Sannan ta zuge jaka ta fito da wani tsohon tarho baƙi, irin na ofis, wanda igiyarsa ta daɗe da tsinkewa, ta ɗora a kan tebur. Shekara ashirin da shida ke nan tana koya wa manyan mata Turanci a ɗakin nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Darasinta na farko bai taɓa canzawa ba. Kalma ɗaya take rubutawa a allo: talk. Ta ce ma'anarta magana, amma ba irin ta mai shela ba, magana ce ta mutum biyu, ka faɗa a faɗa maka. Da ita ake hira, da ita ake shawara, da ita ake sasanta waɗanda suka ɓata. "Wannan ba ta zama a littafi," in ji ta, "sai an sa baki." To amma babbar mace ba ta son yin kuskure a gaban tsararrakinta. A nan tarhon yake aiki. Duk wadda kunya ta kama, sai ta ɗauki kan wayar, ta juya wa aji baya, ta yi magana tana kallon bango, Malama na amsa mata daga bencin ƙarshe.

Cikin ɗalibanta akwai Inna mai kitso, wadda ta haura sittin. 'Yarta na aure a wata ƙasa mai nisa, jikarta kuma 'yar shekara biyar ba ta jin Hausa. Duk Lahadi sukan kira, a miƙa wa yarinyar waya, Inna ta yi ta murmushi ba abin cewa. Rannan yarinyar ta ture wayar, wai ba ta son kakar nan da ba ta magana.

"Malama, ni ba takardar shaida ta kawo ni ba," Inna ta ce ranar da ta fara zuwa. "Ƙawata nake so, jikar nan tawa. In ta girma a haka, ai ba ta da kaka."

Wata huɗu ta yi tana ɗaukar tarhon, har bakinta ya sake. 'Yan aji suka sa ta gaba.

"Inna, wai wa ke cikin wayar nan? Ko tsohon saurayi ne?"

"Shi ne. Yana gaishe ku, ya ce ku rage surutu."

Amma ranar da ta gwada da wayar gaske, sai abin ya gagara. Washegari ta shigo aji jiki a sanyaye. "Ina ganin fuskar yarinyar a gilashin waya komai ya gudu," ta ce. "Na sake zama bebiya."

Malama ba ta ce a ƙara ƙoƙari ba. Lahadi da la'asar sai ga ta a gidan Inna da jakarta. Maƙwabciyar da ake yi wa kitso a lokacin ita ta ga sauran. Da kira ya shigo, Malama ta buɗe muryar wayar ta kife ta a kan tabarma, ta miƙa wa Inna tsohon tarho, ta juya ta ta fuskanci bango. Inna ta riƙe shi da hannu biyu, hannun duk man kitso.

"Talk to me, ƙawata."

Can sai wata siririyar murya ta ɓalle da labari, na haƙorinta da ya fita da kyanwar da suka samu. Inna na kama kaɗan, na amsa kaɗan, har da tsokana wai mai giɓi ba ta cin nama. Malama tana zaune a bakin ƙofa. Daga baya ta ce kuskure bakwai ta ƙirga, ba ta gyara ko ɗaya ba.

Ke ce, Malama, mai haƙurin jiran baki ya buɗe. Kin san lokacin gyara, kin san lokacin yin shiru. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, amma akwai matan da yau suke yi wa likita bayani da bakinsu saboda ke. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutu ya karɓe ki.

Malamai 'yan'uwa, in ɗalibi ya yi shiru, mu nemo abin da zai riƙe kafin mu ce ba ya ja.

Tarhon zai zauna a kan teburin, Malama ta bar wa wadda za ta gaje ta. Inna ba ta bukatarsa yanzu. Yarinyar da kanta take cewa a kira, kuma ta iya kalmar Hausa guda ɗaya. Ana ɗagawa take cewa, "Ƙawata."