Marsandin da Malam Abbagana Ya Hana Ni

Ranar Talata, takwas ga watan Yuli, 2025, ina tsakiyar ciniki a tashar Gashua aka bugo mini waya daga Nguru cewa Allah ya yi wa Malam Abbagana Ibram rasuwa, bayan jinyar mako uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar cinikin a inda yake, abin da ban taɓa yi ba a shekara talatin ina dillancin mota.

Malam, mutane za su faɗi alherinka, kuma ba ƙarya za su yi ba. Ka yi akawu a tashar jirgin ƙasa har ka bar aiki ba a same ka da kwabon wani ba. Ni abin da na sani zan faɗa. Kai kaɗai ka kayar da ni a ciniki, shekara ashirin da biyu a jere, kuma ina alfahari da wannan kayen.

A kan Marsandinka ne, mai kujera biyu da rufin da ake naɗewa, ƙirar 1969, wadda ka saya a hannun wani Bature injiniya da zai koma gida. A 2003 na fara tayawa, dubu ɗari uku. Na ce, “Malam, wannan ai akurkin kaji ce. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali.” Ka yi murmushi ka ce, “To Bobboi, me za ka yi da akurki?” Duk shekara sai na dawo da sabon aibu da sabon tayi. Duk shekara sai ka ba ni shayi, ka raka ni ƙofa.

Abin da nake ɓoyewa, ashe ka riga ni sani. Mota tana fita daga shago darajarta ke fara zubewa. Irin wannan kuwa an daina ƙera ta, kullum raguwa take a duniya, masu nemanta kuma da dala suke magana. 'Yan uwanta na bakin teku tsatsa ta cinye su, taka kuwa, busasshiyar iskar Nguru ta tsare ta. Ka hana a fesa mata fenti ko da ya koɗe. Ka hana a canja inji. Rufus makanike kaɗai ke taɓa ta, shi ma kana tsaye a kansa. Rasit da takardunta na asali suna cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadonka. Gari na cewa rowa ce, alhali ilimi ne.

Kuma ba rowar ba ce. 'Yan siyasa sun zo da kuɗi a ba su haya ranar gangami, ka ƙi. Amma ranar da Nkechinyere, 'yar Rufus, ta gama jami'a a Gashua, da kanka ka tuƙa ta tun daga Nguru, rufi a buɗe, tana riƙe da hularta kada iska ta ɗauke. Rufus ya biyo ku a babur yana kuka kamar yaro. Ka ce, “Ubanta ne ya raya motar, ai tana da haƙƙi a kujerar.”

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar sadakar uku na ji Modu, babban ɗanka, yana shawara da 'yan uwansa. Da kyakkyawar niyya yake so a fesa mata sabon fenti, a sa injin zamani, wai ta yi kyan gani kafin a sayar a raba gado. Wallahi Shaiɗan ya raɗa mini: yi shiru, miƙa miliyan biyar kafin su taɓa ta, har godiya za su yi maka. Sai na tuna maganarka a asibiti. Ka ce, “An ce ba a ba kura ajiyar nama. Ni kai zan ba, Bobboi, don kai kaɗai ka san nauyinsa.”

Saboda haka, ku 'ya'yan Malam, Modu, Yagana da ƙannenku, na rubuta a fili don kowa ya zama shaida, har a kaina. Kada ku yi fenti. Kada ku taɓa inji, lambarsa ta asali ita ce rabin kuɗin. Ku adana gwangwanin nan. Ku bar Rufus ya riƙa tayar da ita duk Juma'a kamar yadda aka saba. A lissafina, wanda ya fara tayi ƙasa da miliyan casa'in, ku ba shi shayi ku raka shi ƙofa. Kasuwar irinta takan yi sanyi, kuma ban ce kullum hawa za ta yi ba, don yaran yanzu wasu motocin suke so. Amma wadda ba a taɓa ba ba ta rasa mai nema, mai gaggawa ne kawai ke faɗuwa. Zan nemo muku mai saye, ba ni cikin masu tayi, kuma la'ada na yafe.

Allah ya jiƙanka, Malam. Ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajiya Kaltum da 'ya'ya da jikoki, da Rufus, da mutanen Nguru da Gashua baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Ajiyarka tana nan, Malam. Kura ba ta ci ba.

Bobboi Dillali, Gashua