Glenys Mai Rina 'Ya'yan Kifi

Maƙwabciyata Glenys Farrugia ta fi shekara ashirin tana rina kifi. Sa'o'inta a nan garin Mackay wasu sun shiga aikin rake, wasu asibiti, ita kuwa ta liƙe wa 'ya'yan kifin baramandi da ba su fi gashin ido ba, a gidan ƙyanƙyasar kifin wani mutum mai suna Wal. Takan ɗebi kaɗan daga tanki ta jiƙa a ruwan shuɗi, ya kama guringuntsi. Ta sa su a wani ruwan har tsoka ta yi garau kamar gilashi, sannan ruwan ja ya kama ƙashi. Sai ta leƙa madubin nan mai ƙara girman abu ta ga ko baya ya karkace, ko haɓa ta goce.

Yatsunta kullum shuɗi ne. Ta katanga nakan ce, "Ke mai rini, yaushe za ki tsoma min rigata?" Sai ta ce, "Col, kanka zan tsoma, mu ga ko da wani abu a ciki."

Bara Wal yana rainon 'ya'yan kifi tanki guda don ƙungiyarmu ta masu fatsa, in sun tasa mu sake su a dam. Glenys ta fara rini ke nan aka bugo waya cewa 'yarta ta haihu a garin Townsville. Ta yar da komai ta kama hanya. Da ta dawo ta ƙarasa aikin, ja ya ƙi kamawa, ko ɗigo.

Ran nan na je duba kifinmu, na tarar Wal ya ɗago daga madubi yana cewa, "Ba su yi ƙashi ba. Gobe zan zubar da tankin."

Glenys ko gezau. Ta ce, "Ba abin da za ka zubar. Shuɗin nan tsami gare shi. Na bar su a ciki na tafi ganin jika, ya cinye ƙashin. Laifina ne, na cikin tanki lafiyarsu lau."

Na ce, "Oho! Jika ta cinye mana ƙashi tun ba ta yi haƙori ba!"

"Rufe min baki, Col. Miƙo kwalbar can."

Ta ɗebo wasu ta sake daga farko. Wal ya ci gaba da zuba wa tanki abinci yana gunaguni, wai asara yake ciyarwa. Da aiki ya nuna, ni ta fara ja gaban madubi. Ga ƙashin baya nan ja wur, a miƙe, a jere kamar haƙoran mataji.

Da suka tasa muka sake su a dam, Glenys tana tsaye da jikar a kafaɗa. Har yau ban kama ko ɗaya ba. Glenys ta ce ita ƙashi ta duba musu, ba ta ce za su yi wautar haɗiyar ƙugiyata ba.