Direba Yana Jiran Gam Ya Bushe

"Wai ina direban ne?"

"Ga shi can, gam yake jira ya bushe."

Tasi'u ya leƙa ta tagar motar. A gindin darbejiyar tashar Bagwai, wani dattijo ne durƙushe, tabarau a karan hanci, yana harhaɗa 'yar jar motar tsere da ba ta fi tafin hannu ba. Da tsinken tsintsiya yake ɗiga gam, yana manna mata madubi kamar ƙwayar gero, yana hurawa a hankali. Wataƙila tun yana yaro yake mafarkin tsere, ya ƙare a jigilar ƙauye. Su kuwa kwandunan tumatirin Tasi'u suna saman mota, rana tana dafa su.

"Baba, don Allah kawo in riƙe maka ita a cinya, ka tayar mana da babbar!"