Shirun Lauya

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda tuni suka goge daga kaina, amma abin da ya faru shekarar da muka cika shekara ashirin da biyar da gama sakandare, wannan kam sai dai a binne mu tare. Ba na jin daɗin ba da labarin, domin ni ne mai laifi a cikinsa. Amma na riƙe shi a ciki shekaru, bai rage mini nauyi ba, shi ya sa na ga gara in faɗa.

A Yelwa muka yi karatu, maza da mata, wasu 'yan gari, wasu daga Shanga, wasu daga ƙauyukan Ngaski da bakin ruwa. Da muka gama kowa ya kama gabansa. Ni ban je ko'ina ba, na buɗe shagon kayan babur a kasuwa, kuma har yau a nan nake. Ana nan sai wani ɗan ajinmu da ya zama babban ɗan kwangila a Abuja ya buɗe mana guruf a waya, aka shiga neman lambobin juna. Cikin 'yan watanni sai ga mu mun taru, ana ta tura tsofaffin hotuna, ana tsokanar wanda ya yi tumbi da wanda sanƙo ya cinye masa kai. Aka naɗa ɗan kwangilar shugaba, ni kuma sakatare, tunda ni ne a gida. Daga nan maganar biki ta taso: mu koma makaranta rana ɗaya, mu gayyaci malamanmu da suka rage, mu yi anko, mu ci abinci tare.

A cikin waɗanda aka sa a guruf ɗin akwai wanda muke kira Lauya. Bakambare ne daga wani ƙauye kusa da Wara, Kirista, a gidan wani kawunsa ya zauna a Yelwa har muka gama. Benci ɗaya muka yi shekara uku. Ba mu sa masa wannan suna a banza ba. In ya miƙe a gasar muhawara, har malamai sukan bar ofis su zo su tsaya a taga. Ni kuwa in'ina ce da ni a lokacin, mai tsanani, in malami ya ce in karanta sai aji ya fara dariya tun ban buɗe baki ba. Lauya ne yake jana bayan an tashi, mu zauna ƙarƙashin mangwaron bayan aji, ya ce, "Karanta mini ni kaɗai. Kada ka yi sauri, ba mai korar ka." Haka muka yi ta yi har harshena ya sake. Wannan shi ne mutumin da na yi shekara goma sha ban nema ba. Abin da na sani kawai shi ne ya zama malamin firamare, daga baya hedimasta.

Da aka zo raba aiki, babu wanda ya yi gardama: Lauya ne zai yi jawabi a madadin aji. Na rubuta a guruf na sanar da shi. Shiru. Na kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Abin da ya fi ba mu haushi, ana ganin alamar ya karanta duk abin da aka tura, kuma in an yi wa wani rasuwa ko haihuwa aka yi addu'a, sai lambarsa ta rubuto "Amin." Ban da wannan kalma ba ya cewa komai. Muka yi taro biyu a Yelwa, mutane suka taso daga Sakkwato da Minna, shi da yake nan Wara bai zo ba.

Aka fara ƙananan maganganu. Wani ya ce girman kai ne, wata ta ce dama can yana ganin ya fi kowa. Maimakon in kare shi, ni ne na ɗora. Wata rana da rana, ina zaune a shago raina a ɓace, na rubuta a gaban kowa cewa akwai waɗanda bakinsu ba ya gajiya lokacin da ake tafa musu, yanzu kuma sun ga mun yi musu ƙanƙanta, to wanda ya raina mu ya fita ya ba mu wuri. Ban kama suna ba, amma ko yaro ya san da wa nake. Aka yi ta turo mini alamun yabo. Na tuna har daɗi na ji.

Kada in yi wa kaina ado, ba zumunci ne ya kai ni Wara ba. Wani mai gyaran babur ne ya yi odar kaya, na ce bari in kai masa ranar kasuwa, in ɗauki shaddar ankon Lauya in miƙa masa hannu da hannu, in ga da wane ido zai dube ni. Da na sallami mai gyaran, ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni muka bi wata hanya ta cikin gonaki, tafki na ɗan leƙowa ta hannun dama, har ƙofar wani gida mai dangar kara.

Na yi sallama, wata mata ta fito tana goge hannu a zani. Na faɗa mata daga inda nake. Ta dube ni, ta dubi ledar shaddar da ke hannuna, ta ce, "Malam, kai ne sakatare?"

Na ce ni ne.

Ta ce, "Shigo. Shina ciki."

A kan katifa na same shi a ƙasa, an jingina shi da bango da matasai biyu. Da a hanya na gamu da shi ba zan gane shi ba. Ya rame, bakinsa ya karkace gefe guda, hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Idanun ne kawai ba su sauya ba. Yana ganina ya yunƙura, ya buɗe baki, wani sauti ya fito wanda ba magana ba ne. Ya sake gwadawa. Ya sake. Sai ya haƙura ya rufe ido. Ledar ta suɓuce daga hannuna, ban ma san na durƙusa ba.

Matar da ta shigo da ni, ashe matarsa ce, ta ce shekara biyu ke nan. Yana tsaye gaban ɗalibai da safe ya faɗi, hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da maganar. Yana ji, yana gane komai, faɗa ce ba ya iyawa. Ta ce tun da aka sa shi a guruf, kullum in ta dawo daga gona da la'asar sai ta zauna ta karanta masa abin da muka rubuta, ta nuna masa hotuna, wani lokaci har ya yi dariya irin tasa ta yanzu. In an yi addu'a sai ya taɓa wayar da hannun hagu, ita kuma ta rubuta amin.

Na tambaye ta abin da nake tsoron ji. Na ce, "Har wanda na rubuta kwanan baya?"

Ta ce, "Na so in tsallake shi. Sai ya ga fuskata, ya riƙe mini hannu har sai da na karanta." Ta sunkuyar da kai. "Ya juya ya fuskanci bango. Ranar bai ci komai ba."

Ba ta faɗa da zafi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kama hannunsa na hagu zan roƙi gafara, sai in'inar da na rabu da ita tun ina saurayi ta dawo mini, na maƙale a kalmar farko na kasa wucewa. Ya buɗe ido yana dubana. Sai ya ɗaga hannun ya dafa kafaɗata, ya ɗan bubbuga sau biyu, a hankali. Na yi kuka a ɗakin nan kamar ba magidanci ba.

Da zan tafi na ce zan sanar da jama'a halin da ake ciki. Nan take ya girgiza kai da ƙarfi. Matar ta ce, "Wannan ne ya hana tun farko. Ba ya so a gan shi haka. Ya fi so ku riƙe shi yadda kuka san shi." Na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba sai da yardarsa.

Wannan alkawari ya ba ni wuya fiye da yadda na zata. Ban kwana uku da dawowa ba shugaba ya kira ni ya ce, "Sakatare, mutumin nan fa ka cire shi kawai, mu ba wa wani jawabin." Na ce ba zan cire shi ba. Ya ce, "Ikon Allah! Ba kai ne ka fara ba?" Na ce ni ne, kuma na yi kuskure. Ya tambayi dalili, na ce ba ni da abin faɗa. Aka koma kaina a guruf, ana cewa na cika sauya magana, wata ma ta ce ko an yi mini asiri ne a Wara. Na rubuta na janye maganata ta baya, na ba da haƙuri, na yi shiru. A kwanakin nan na ɗanɗana yadda ake ji mutane suna yanke maka hukunci alhali amsar tana bakinka ba ka da ikon furta ta. Ni na mako uku ne kawai, kuma ina da lafiyata.

Na riƙa komawa duk ranar kasuwa. Ba wani abu nake yi ba, zama ne kawai, in ba shi labarin gari, in taya matar juya shi, in karanta masa saƙonni ita ta huta. Ban sake tayar da maganar ba sai da biki ya rage kwana goma. Na ce, "Lauya, mutanen nan ba jawabinka suke kewa ba, kai suke kewa, ko da su ma ba su sani ba. In ka ce a'a, a'a ce, ba zan sake tambaya ba." Sai ya nuna wani littafin rubutu da yake koyon rubutu da hagu a ciki. Matar ta miƙa masa da biro. Ya ɗauki lokaci, gumi har ya tsattsafo masa a goshi. Da ya tura mini, haruffa ne manya a karkace, kalma biyu: su zo.

Da na rubuta wa guruf gaskiyar magana, wurin da ba ya minti biyar ba a yi surutu ba ya yi tsit har yamma. Sai shugaba ya kira. Na ɗauka, ya ce, "Allah Ya yafe mana," ya kashe.

An yi biki a makaranta da safe kamar yadda aka tsara, sai dai babu wanda ya yi jawabin aji, an bar gurbin haka nan. Bayan azahar muka ɗunguma a motoci sai Wara. Gidan bai ɗauke mu ba, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Matarsa ta kai shaddar an ɗinka, ta sa masa, ni da shugaba muka ɗauko shi a kujera muka ajiye a inuwa. Mutane suka yi cirko-cirko, kowa ya rasa ta inda zai fara. Matan ajinmu suna ta share ido da gefen mayafi.

Wadda ta yi mana monita a aji shida ce ta cece mu. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, har da jikoki. Ta miƙe ta ce, "To, ku natsu, zan kira suna." Ta fara kiran rajistar ajinmu da ka, bi da bi, yadda take yi kowace safiya. Wanda aka kira ya amsa. In ta zo kan wanda ya rasu sai ta dakata, a yi masa addu'a, Musulmi da Kirista kowa da irin tasa. Mutum bakwai muka dakata wa. Da ta zo kan sunansa, ta kira shi cikakke. Muka zuba masa ido. Ya ɗaga hannun hagu sama, ya miƙe shi sosai, ya riƙe shi a nan, bai sauke ba sai da ta ce, "Na gan ka."

Da damina ta gaba ya rasu. Kafin nan ba a yi mako guda ba wani daga cikinmu bai taka gidan ba, kuma mu muka ɗauki akwatinsa tare da 'yan'uwansa. Matarsa ta ce mini watannin nan su ne mafi sauƙi da ya yi tun da ya kwanta. Na ji daɗin maganar, amma ta kuma yi mini ciwo, domin da na nemi abokina tun da wuri, da shekara biyu ya samu haka, ba watanni ba.

Abin da na koya shi ne, waya tana nuna maka sunan mutum ne, ba ta nuna maka halin da yake ciki. Muna ganin muna tare saboda muna rubuta wa juna kullum, alhali ɗayanmu yana kwance tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, babu wanda ya sani. Tun daga lokacin, in mutum ya yi mini shiru, ba na fassara shirun ina zaune. Nakan rufe shago in je in yi sallama a ƙofarsa. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa take sun san abin da suke faɗa, ni ne sai da na saɓa wa mara lafiya kafin na gane.