Yaya Ilu, Sojan da Ya Tafi Neman Begila

Shekara tara ke nan da aka kai Yaya Ilu makwancinsa a nan Matameye. Duk shekara idan watan ya kama nakan soya waina in raba sadaka, in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, domin ɗansa Sanusi, wanda na riƙa tun rasuwar uwarsa, ya kai sunansa aikin soja kuma an ɗauke shi. Ban san da wane baki zan hana shi ba.

Mutanen garinmu sun ɗauka yunwa ce ta kai yayana soja, shi ma haka yake faɗa. Shekarar da ya tafi damina ta yi gardama, gero ya bushe tun bai fid da kai ba, samarin unguwarmu duk suka tsallaka Kano cirani. Ya ce wa Baba gara a rage baki ɗaya a gida, Baba ya sa masa albarka. Amma ni ƙanwarsa na san ba nan gizo ke saƙar ba.

Tun tasowarsa kiɗa ne a ransa. Da hannunsa ya haɗa gurmi da ƙoƙon duma da fatar damo, yana ɓoye shi cikin rumbu. Baba kuwa ɗan kasuwa ne mai tsaron mutunci. Ranar da ya kama shi, da ƙafa ya take gurmin, ya ce gidanmu ba a gaji roƙo ba. Ba a daɗe ba Yaya ya raka shi Damagaram sarin kaya, a can ya ga sojoji masu badujala suna wucewa, begila na ƙyalli a rana, manyan gari sun miƙe tsaye don girmamawa. Da ya dawo ya iske ni ina surfe, ya ce, "Rabi, na ga inda ake kiɗa ba a ce wa mutum maroƙi."

Har ya bar duniya bai busa begilar nan ba. Da ya gaya wa sarjan ɗinsu abin da ya kawo shi, dariya aka yi masa, aka miƙa masa bindiga, daga baya aka tura su duwatsun arewa inda ake faɗa. Can ma bai haƙura ba. Da gwangwani da wayar birki ya haɗa wani gurmin, yana kaɗa wa abokansa idan kewar gida ta taso musu. Wata rana kamiyonsu, babbar motar da ke ɗauke da su, ya taka nakiya. Wanda ke zaune kusa da shi bai dawo ba. Shi ya dawo mana da ƙafafunsa da hannuwansa, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma sai an ɗaga murya, kafin shi ma ya toshe kamar ɗan uwansa.

Na zaci a nan kiɗa ya ƙare. Ashe a'a. Yakan zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida bayan la'asar, ya cije kan sandar gurmi da haƙoransa don ya ji tsirkiya na motsi a ƙashin kansa, yana kaɗawa yawu na zuba masa a riga. Masu wucewa kasuwa wasu su tausaya, wasu su ce yaƙi ya taɓa masa kai. Idan ya gama ɗaure tsirkiya sai ya dube ni ya ce da ƙarfin murya irin ta wanda ba ya jin kansa: "Rabi, ya yi daidai?" In gyaɗa masa kai, ko da bai yi ba. Shekara da shekaru ina wannan ƙarya, Allah Ya yafe mini.

Yanzu ga Sanusi. Ya gama lakwal, wato makarantar boko, takardarsa na cikin akwati. Sau biyu yana zuwa cirani yana dawowa hannu Rabbana. Gonar gado kuwa, bayan rabo, ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. A watan jiya na je Dungu gaisuwar wani saurayi sa'ansa da aka kashe a bakin daga, na ga uwarsa zaune ko kuka ta kasa. Da na dawo na kama rigar Sanusi ina roƙonsa.

Ya ce, "Gwaggo, ai Babana ma ya je ya dawo."

Na ce, "Ya dawo, amma rabinsa."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To ni da nake zaune a nan, duka kike ganina?"

Na je wurin Malamin unguwarmu, ya ce in yi ta addu'a. Na je wurin kawunsa, ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Har tasha na je, da girmana, na durƙusa wa wani Alhaji mai motoci ko zai ba shi aiki, ya ce nasa ƴaƴan ma zaune suke.

Da Yaya Ilu na raye, me zai ce? Ina ta juya wannan tambaya har abinci ya fita raina. Bai taɓa zagin aikin soja ba, kuma ba ya yarda a zage shi a gabansa. Amma sau ɗaya, dab da ciwon ajalinsa, ya ce mini da Baba ya bar shi da gurminsa, da bai san ƙarar nakiya ba. Shi ya sa nake tsoron in take abin da Sanusi ya sa a gaba yadda Baba ya take gurmin, yaron ya fita bai waiwayo ba. Ina kuma tsoron in sa masa albarka in zama ni na miƙa shi. Gaba kura, baya siyaki.

Idan na auna abin da ya rage na yayana, ba shi da yawa. Bai bar gida ba, bai bar dabba ba, ko a kaset ba wanda ya ɗauki kiɗansa. Sai dai kwanan baya a wani biki a Tsauni na ji ƴan mata na gaɗa da wata waƙa, na tsaya cak, domin a ƙofar gidanmu aka haife ta, daga bakin kurman da bai taɓa jin ta ba. Na tambaye su ta wane ce, suka ce ta mutanen da ce. Abu biyu ke nan ya bari, waƙa da ɗa. Waƙar ta shiga bakin mutane, ba mai iya kashe ta. Ɗan kuwa, jibi zan raka shi tasha.