Minti Biyun da Na Hana Abokina

Shekarun baya ne, zamanin da mutum zai wuni a layin gidan mai a Kafanchan ya koma gida da tanki wayam. Ina aikin kanikanci a reluwe, ina kuma da wata tsohuwar mota mai babban inji, mai shan fetur kamar ana zuba shi a rariya. Amma a cocinmu ni kaɗai ne mai mota. Duk inda Baba Fasto zai je wa'azi ni ke kai shi. In mun isa ƙauye, shi a ba shi kujera, ni ma a ba ni, mata su kawo citta da doya a zuba a but ɗin mota. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin girman nan ƙwarai.

Sai abokina, malamin makaranta, wanda muke tare tun muna ƙungiyar mawaƙa, ya sayo wata 'yar mota ta hannu daga Kwatano. Ranar da na gan ta dariya na yi. Na ce, "Malam, wannan mota ce ko akwatin ashana?" Ya buɗe min gaba. Injin ɗan mitsitsi, amma da turbo a jikinsa. Nan dariyata ta tsaya, don na san abin daga kan jirgin ƙasa: wata 'yar fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ta riƙa tura iska ciki, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba ba tare da ya sha mai kamar babba ba.

Wata guda bai cika ba dattawa suka gano cewa man da zai kai tawa Zangon Kataf, shi zai kai tasa ya dawo da ita har da saura. Shi ke nan, Baba Fasto ya koma akwatin ashana. Kai, na ji haushi! Matata ta ce, "Baban yara, ba hutu ka samu ba?" Na ce ta yi min shiru. Ran Lahadi yara su kewaye motarsa suna leƙe, tawa tana gefe kaji na kwana ƙarƙashinta.

Wata Asabar aka tashi zuwa jana'iza a Godogodo, aka ce in bar tawa in shiga tasa. Ni da na saba riƙe sitiyari, ga ni a baya maƙale tsakanin dattawa biyu. Muka zo wani dogon hawa, ya take ta, ta yi wani ɗan fito ta wuce babbar motar katako kamar tana tsaye. Baba Fasto ya ce, "Yabo ga Ubangiji! Ƙarama, amma dubi aiki!" Da muka kai ƙoli sai abokina ya murɗa makulli ya kashe inji, ya sake ta a gangara. Ya waiwayo yana murmushi ya ce, "Ɗan'uwa, dabararka ce na ɗauka. Ko ɗigo ba ta sha yanzu."

Dabarata ce kuwa, haka nake yi da tawa, haka duk direbobi ke yi a lokacin. Amma ba a yi wa turbo haka. Bayan wahala irin ta hawan nan fankar ta yi zafi jawur, baƙin mai ne ke sanyaya ta, kuma inji na mutuwa man ya tsaya. Sai an bar shi yana aiki a hankali kamar minti biyu kafin a kashe. A wurin aiki sau da yawa na zagi masu koyo a kan wannan.

Na buɗe baki zan faɗa. Daidai nan Baba Fasto ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Malam, Allah ne ya kawo mana kai." Sai na rufe bakina, na juya ina kallon gonakin citta. A zuwa da dawowa sau huɗu ya yi, ina lissafawa.

Kafin damina ta fita motar ta fara hayaƙi shuɗi, ƙarfinta ya tafi. Gidana ya kawo ta, don a cewarsa ba zai bar kowa ya taɓa ta ba sai ni. Na kwance, na ga abin da na riga na san zan gani: fankar turbo ta ƙone. Muka nemi kayan a Kafanchan babu, muka aika Jos babu. Ya tsaya yana kallon fankar a hannuna, ya share zufa ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa, tsautsayi ne. Ai da abu ne da aka sani, da kai ka fara gaya min."

Na ce, "Haka ne, Malam." Muryata ko rawa ba ta yi ba, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro.

Motar ta zauna gindin mangwaro a gidansa har tayoyi suka nutse cikin ƙasa. Ya koma kan kekensa, ni na koma ɗaukar Baba Fasto. Abin da nake so na samu. Amma in mun wuce shi a hanya yana tuƙa keke sai ya ɗaga min hannu da fara'a, kujerar ƙauyen nan kuwa ba ta sake yi min daɗin zama ba. Daga baya aka yi masa canjin makaranta zuwa Kauru, muka rabu lafiya, ban gaya masa ba.

Yanzu ƙananan motoci masu turbo sun cika gari. In na gan su har yau sai in ji wani abu ya ɗan soke ni, ban san ko kishin ne bai mutu ba ko kunya ce. In na ga direba ya taho a guje ya tsaya zai kashe, sai in lallaɓa da sandata in ƙwanƙwasa gilashi in ce, "Ɗana, bar ta minti biyu." Wasu su gode, wasu su ɗauka tsufa ne. Mutanen da ban san sunansu ba nake bi ina ba su kyauta, abin da na hana abokina.